Jinyar Kyanwar Yaya Rakiya a Kudai

Tun da na dawo daga Umara ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta bakin tasha, a ƙofar masallaci, har a wurin mai nama, tambayar ɗaya ce: wai da gaske kyanwa ce ta tsare ni a Makka? Wani ma cewa ya yi ya ji 'yan Caina sun ɗauke ni aiki. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya zuba masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Garba, mutumin Funtuwa, malamin dabbobi har na yi ritaya. Rayuwata a bayan shanu na yi ta, ruga-ruga, da akwatin rigakafi a bayan babur. Na yi wa raƙumi allura, na zaro maraƙi daga cikin uwarsa da hannuna, amma ba a taɓa kawo mini kyanwa ba, kuma da wani ya kawo da na tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. A wurinmu kyanwa ita ke jinyar kanta. Ta ci ciyawa ta yi amai, in da sauran kwana ta miƙe, in babu a tsince ta a bayan rumbu.

Umarar tawa da aike a cikinta. Yayata Rakiya, wadda nake bi, tana Makka tun tana amarya. Mijinta Malam Haruna jikan Hausawan can ne, haifaffen garin, kuma ya rasu bara waccan. Rabon Yaya da gida tun babban ɗana bai yi aure ba, ga shi yanzu 'ya'yansa suna makaranta. Mahaifiyarmu, Inna, tana ɗakinta a gidana, ido ya tafi, ƙafa ta tafi, kan ne dai garau. Duk wayar da aka yi Yaya sai ta ce in sha Allahu bayan Sallah, Sallah ta zo ta wuce. Ranar da zan tashi na durƙusa gaban Inna, ta laluba ta kama hannuna.

"Garba, kada ka wahalar da kanka da dabino da zamzam, an kawo mini sun ishe ni. Rakiya nake so. Ka zo mini da ita tun ina gane muryar mutane."

Na ce to, kamar yadda ake ce wa uwa to, ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Daga Funtuwa zuwa Kano babu abin faɗa sai direban da ya yi ta ba ni saƙon addu'a, har da ta Allah ya raba shi da mai motar. A jirgi aka haɗa ni kujera da wani ɗan kasuwar Gusau wanda ya ce wannan ce Umararsa ta ban san ko nawa ba, ya kuma ɗauki nauyin koya mini komai ba tare da na roƙe shi ba. Shi ya hana ni ɗaura ihrami tun a Kano, wai sai ƙauyawa ke yin haka. Da aka yi shelar an kusa miƙati sai ga mu a layin ban-ɗaki, ɗakin da ko juyawa ba a yi a ciki, ina kokawa da farin mayafi jirgi yana girgiza. Na fito hannu ɗaya riƙe da ƙugu, na tarar waɗanda ya kira ƙauyawa suna zaune abinsu suna talbiyya.

A Jidda layin fasfo bai yi wuya ba, hoto ne da dangwala yatsu. Wurin kwastan ne aka buɗe jakata. Mai ɗakina ta cika ta da tsarabar Yaya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, da dunƙulen jar kanwa. Jami'in, wani saurayi mai gyararren gemu, ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya mayar ya ɗaure da kansa. Kanwar ce ta tsaya masa. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa a tebur, ya yi mini tambaya. Larabcina na allo ne, yana kai ni sallah amma ba ya fitar da ni daga hannun hukuma. Da na ga magana ba za ta yi ba sai na gutsura na jefa a baki na tauna ina kallonsa. Ya yi dariya, ya kira abokinsa ya nuna masa ni, suka ce in wuce.

Mota ta sauke mu a Kudai, unguwar da motocin alhazai ke taruwa a kudancin Makka. Can ɗan Yaya, Mansur, yake aiki, shi ke tsara wa wani kamfani fitar motoci da shigarsu. Mutum ne mai shekara arba'in da tumbinsa, rabona da shi yana goye.

"Ahlan ya khali! Wallah ka gaji marra. Yalla, Ummi tana jira tun safe."

Khali shi ne kawu, marra kuma sosai. Haka Hausarsa take, kamar shinkafa da wake, waken ya fi yawa. Ya kai ni Harami na yi ɗawafi da sa'ayi, aka yi mini aski. Wannan ba zan tsaya bayaninsa ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kira shi.

Da can a Tandabawi su Yaya suke, tsohuwar unguwa kusa da Harami. Da aka rushe layinsu suka kama haya a wani bene a Kudai, ita a hawa na uku, Mansur da iyalinsa a ƙasa da ita. Ta buɗe ƙofa cikin baƙar abaya kamar Balarabiya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Garbati, kai ne ka yi furfura haka?"

"Ke kika fara, Yaya, ni bi na yi."

Muka yi kukanmu a tsaye, sannan aka shimfiɗa leda a ƙasa aka kawo abinci. Mutanen can da safe wake ne da aka dama da mai, ana ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai suna tamis. Da rana shinkafa da kaza a faranti ɗaya, kowa ya sa hannu. Gahawarsu ɗaci gare ta, a kofi kamar murfin kwalba, kuma in ba ka girgiza kofin ba za a yi ta ƙara maka har ka ga ba ka iya barci. Abin da ya ba ni dariya shi ne tsire. Namu ne sak, da ƙuli da yaji, kakannin su Mansur suka kai shi, amma Larabawa sun ce sunansa sire kuma suna ci suna santi.

Muna cikin ci na lura da ita. Farar kyanwa mai ɗan ja a ka, tsohuwa, ƙashi da fata, kwance a kan matashi kusa da taga. Su bissa suke ce wa kyanwa, wannan kuma sunanta Mishmish. Tana da kanta guda a kicin: gwangwanayen abincinta, ƙananan kwalabe masu rubutun Sin da fassarar Larabci a manne, ɗan cokali kamar na sakace kunne, da sirinji marar allura. Kafin magariba Yaya ta auni wani gari mai ruwan ƙasa, ta dama da ruwan ɗumi, ta naɗe kyanwar a tawul, ta riƙa ɗiga mata ta gefen baki tana yi mata magana da Larabci. Ƙamshinsa irin na jiƙon saiwa ne, da ɗan zaƙi-zaƙi.

"Ciwon ƙoda gare ta," in ji Yaya. "Likitanta ne ya haɗa mata. Maganin gargajiyar Caina ne."

Na ce ikon Allah, na ci gaba da cin shinkafata.

Sai washegari na isar da aike. Ta saurara har na gama, idonta a ƙasa.

"Na sani, Garbati. Kana tsammani ina barci? Amma wa zan bar wa bissa?"

Ta ce marigayi mijinta ne ya tsinto ta a kwata kusa da masallacinsu na Tandabawi, ko ido ba ta buɗe ba. Da ya kwanta ciwo a ƙafafunsa take kwana. Ana gobe zai rasu ya nuna ta ya ce, Rakiya, amana. Mansur yana fita kafin gari ya waye, matarsa tana da ciki an hana ta taɓa kyanwa, 'yar Yaya kuma tana aure a Riyad. Magani safe da yamma ne, ga kai ta asibiti ƙarin ruwa a kai a kai.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba.

"Yaya, uwa ce fa a gefe guda, kyanwa a gefe guda. Har wannan abin aunawa ne?"

"Ka san abin da aka faɗa a kan wadda ta tsare kyanwa ta bar ta da yunwa."

"Na kuma san abin da aka faɗa a kan uwa."

Ta tashi ta shige ɗaki. Tun muna yara haka take, in ta rasa amsa sai ta bar maka wurin.

Na kwana ina lissafi irin na malamin dabbobi. In kyanwa ce ta tsare Yaya, to a tayar da kyanwa. Na dube ta da kyau: ba ta cin abinci sosai, gashi ya yamutse, jiki ya saki. Saniya in ta yi haka kowane Bafulatani ya san abin yi, kanwa ake ba ta. Kuma a duk ƙasar Hausa ban taɓa ganin an jiƙa sassaƙe ko saiwa ba a jefa 'yar kanwa ba, ita ke tayar da magani. Na ce a raina mutanen Sin sun san saiwa amma Allah bai ba su kanwa ba, shi ya sa maganinsu yake tafiyar hawainiya. Da yamma Yaya ta dama maganin ta ajiye ya huce, ta tayar da sallah. Na kankari jar kanwar da na sha wuya a kanta a Jidda, na zuba, na juya. Ita da hannunta ta ba ta.

Gari na wayewa kyanwa tana ta amai, miyau yana zuba, ta ƙi ko kallon ruwa. Garin gyaran gira an tashi rasa ido. Mansur ya bar aiki ya ɗauko mota, kuma a cikin motar na faɗi abin da na yi, don likita ba ya aiki da rabin labari. Mansur ne ya dube ni ta madubi ya ce, "Kanwa, ya khali? Ta miya?"

Asibitin shago ne mai sanyi, ya fi wasu asibitocin mutane da na sani tsabta. Mata da maza zaune, kowa da kwandon kyanwarsa a cinya. A waje akwai wani Balaraben ƙauye da siririn karen farauta a bayan a-kori-kura, shi ba a shigo da shi ba, likitan ne ya fita ya duba shi. Sunan likitan Dakta Tijjani, dogo, baƙi, Basudane. Da ya ji muna magana sai ya juyo.

"Hausawa na? Mi ya samu Mishmish?"

Na yi sakato. Hausa ce irin ta tsofaffin Sakkwato, wadda ko a Sakkwaton ta fara wuya.

"Kakanninmu sun taso hajji da ƙafa," ya ce, "sunka tsaya Sudan noman guzuri, ba su ƙara gaba ba. Ni na ida musu tafiyar."

Ya buɗe bakin kyanwar ya daɗe yana kallon harshenta. Ya sa yatsu a cikin cinyarta ta baya ya yi shiru yana jin bugun jini, kamar mai sauraron magana ta bayan ƙofa. Bayan wannan ya ɗebi jini ya ba da a gwada, ya yi mata allurar tsayar da amai. Sai da ya gama ya tambayi me ta ci. Na faɗa masa, na kuma faɗa masa aikina, don kada ya ɗauka jahili ne ya yi.

"Ai na sani, Malam. Jahili tsoro shi ka ji, sai wanda ya san wani abu ka yin irin wanga." Ya ɗaga kyanwar da hannu ɗaya. "Saniya tana da tumbin da za ya ɗauki kanwa. Wagga ko kaza ta fi ta nauyi, ƙodarta kuwa tsohuwar rariya ta. Ka zuba mata gishirin da ba ta iya tacewa, ka kuma ƙona mata ciki."

Muna jiran sakamakon jini ya nuna mini kayansa, don ya ga idona yana kan kwalaben. A ƙasar Sin ya yi karatu, ya ce can tun zamanin da suke yi wa dawakinsu magani da saiwoyi, yanzu kuma an juyo da shi kan karnuka da kyanwoyi. Ya buɗe wata kwalba, saiwa ce baƙa ƙirin mai danƙo kamar tsohon dabino. Wata kuma rawaya-rawaya, an yanka ta fale-fale kamar busasshen rogo. Waɗannan biyu suna cikin haɗin Mishmish, da wasu da ban riƙe ba. Karen da ke waje ciwon gaɓoɓi gare shi, nasa haɗin daban. Ya ce su Sinawa suna raba cuta gida-gida, mai zafi da mai sanyi, mai bushewa da mai laima, kuma a harshe da bugun jini suke karantawa.

Na ce, "Ai mu ma muna da ciwon sanyi da na zafi."

"Kuna da shi. Bambancin, ku da tafin hannu kuke awo, kuma abin da anka ba mutum shi a ka ba akuya. Akwai itacen da kare za ya sha ya tashi, kyanwa ta lasa ta mutu."

Ya ce shi ba ya ba da ko cokali ɗaya sai ya ga gwajin jini, kuma saiwar ba ita kaɗai take aiki ba, tare take da abinci na musamman da ƙarin ruwa. Na tambaye shi kai tsaye ko tana warkarwa. Ya ce ba ta mayar da tsohuwa yarinya, abin da yake nema shi ne ta ci abinci, ta daina amai, ta ƙarasa kwananta ba wahala. Na ce to wanne ne ke aikin a cikin ukun? Ya yi murmushi ya ce shi dai ba ya rantsuwa, abin da ya gani a hannunsa yake faɗa. Har yau ni ma ban san amsar ba, amma na ji daɗin likitan da bai yi mini rantsuwa ba.

Jinin ya nuna ƙodar ta ji jiki amma ba ta tsaya ba. Aka zo ƙarin ruwa, wanda a ƙarƙashin fatar wuya ake sa shi. Kyanwa ta ƙi tsayawa, Yaya ta kasa riƙe ta. Ban san lokacin da na kama ƙeyar na ɗaga fatar ba, abin da hannuna ya yi shekara da shekaru yana yi. Likitan ya dube ni, ya miƙo mini allurar, ya tsaya a kaina. Na soka, ko motsi ba ta yi ba.

"Hannunka ya san allura," ya ce. "Kanka a ka yi wa gyara."

Ya gaya wa Yaya cewa mai irin wannan hannu zai iya yi mata ƙarin ruwan a gida, ba sai ana wahalar da ita a mota ba. Yaya ta ɗauki kwandonta ta yi gaba.

Kwanaki muka yi a gidan daga ina kwana sai sai da safe. Abinci dai ba a fasa ba ni ba, sai dai kicin ɗin an sa masa makulli. Kyanwar ta fara lasar ruwa, ta koma cin abinci kaɗan-kaɗan. Ana haka mai ɗakina ta bugo waya ta ce Inna ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma da lallashi. Na sa wayar a lasifika yadda Yaya za ta ji daga inda take. Da aka kashe na same ta a bakin taga.

"Yaya, bizata ta wata uku ce. Ki tafi, ni in zauna da ita."

"Kai da ka kusa kashe ta?"

"Ni ɗin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Duk Makka babu wanda zai bi ƙa'idar maganin nan kamar ni yanzu."

Da yamma ta kira ni kicin ta miƙo mini ɗan cokalin. A shafe ake aunawa, ba a tsiri. Ruwan kada ya yi zafi, a gwada a bayan hannu. Ta gefen baki ake ɗigawa, a jira ta haɗiye, ba ɗura irin ta maraƙi ba. Na yi tana kallo, ta ce in sake gobe. Haka ta yi ta jarraba ni safe da yamma, ni da na koya wa ma'aikata da yawa riƙon sirinji, har ranar da kyanwar ta shanye ba ta yaƙushe ni ba. Ranar Yaya ta ce wa Mansur ya nemo mata takardar fita da dawowa. Da tana haɗa kaya na ga ta ɗauki ragowar kanwar ta cusa a jakarta, ta koma da ita Funtuwa inda ta fito.

A ƙofa ta tsaya ta ce, "Garbati, a garin nan ka yi alkawari."

Na ce na san inda nake.

Zamana ni kaɗai bai da wani labari mai yawa. Da safe magani, sai in hau motar Kudai zuwa Harami, in dawo kafin lokacin na yamma. Abokan da muka zo tare suka tafi Madina suka koma gida, ɗan kasuwar Gusau ma ya bugo waya ya ce ya ji na zama yaron kyanwa. Duk mako Mansur yana kai mu wurin Dakta Tijjani, ya duba harshe, ya ɗora ta a sikeli, wani lokaci ya rage wannan saiwa ya ƙara waccan. Ta ɗan yi nauyi. Ba zan ce na so ta ba, ita ma ba na jin ta so ni, amma ta koma kwana a ƙafafuna kuma na daina ture ta.

Ranar da Yaya ta isa aka kira ni ta wayar hoto. Na ga Inna zaune an jingina ta da matashi, tana shafa fuskar Yaya da hannu biyu, daga goshi zuwa haɓa, ta sake komawa goshi. Aka ce mata ga Garba a waya. Ta juyo inda ba nan wayar take ba ta ce, "Garba, ta zo." Bayan nan kullum ana ba ni labari: yau ta sha kunu a hannun Yaya, yau sun yi hirar mutanen da duk sun mutu, yau ta sa an yi mata kitso.

Wata safiya ina zaune da kyanwar naɗe a tawul a cinyata, sirinji ya kai rabi, waya ta yi ƙara. Na danna da gwiwar hannu. Muryar Yaya ce.

"Garbati, sai haƙuri. Inna ta cika. Yanzun nan, a jikina."

Na yi salati. Ta ce za a kai ta kafin azahar. Na ce Allah ya jiƙanta, ku gaggauta, kada a jira kowa. Wayar ta mutu, ga sauran magani a hannuna, kuma likita ya ce ba a ba da rabi. Na ɗiga mata sauran, ina jira tana haɗiyewa, har ya ƙare. Na wanke sirinjin na kife. Daga nan ne na zauna a ƙasan kicin ɗin na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ina yaro.

Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Shekarun nan duka ni ne a gidan, ni ke kai ta asibiti, ni ke jin tarinta ta bango, amma ranar da aka ɗauke ta wasu ne suka kama makarar. Na tafi Harami sallar azahar. Can kusan bayan kowace sallah akwai jana'iza, aka yi shela, na tashi na bi sahu na sallaci mutanen da ban san ko su wane ne ba.

Yaya ba ta dawo ba sai da aka share makoki, ni kuma ba ni da halin tafiya sai ta dawo. Mansur ya ɗauko ta daga Jidda. Ta shigo ta rame, kyanwar ta sauko daga matashi da ƙafarta ta nufo ta tana kuka. Yaya ta dube ta, ta ga yadda ta murmure, amma ba ta ɗauke ta ba. Ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa, muka yi wa juna gaisuwa.

"Ka yafe ni, Garbati. Wurinka na tsaya."

"Babu komai, Yaya. Inna ta neme ni?"

Ta dube ni ta ce:

"Ana gobe za ta rasu na ce mata bari a kira ka ka taho, ko bissa ta mutu ta mutu. Ta ce a'a. Ta ce, ni na aike shi, kuma aiken ya iso. Ku bar ɗan aike ya cika alkawarin da ya ɗauka, Allah ya yi masa albarka."

Kwana biyu bayan nan na hau jirgin Kano. Daga tasha ban shiga gida ba, na ce wa mai babur ya wuce da ni maƙabarta. Na tsaya a kan kabarin Inna da jakata a hannu, na yi sallama, na ce mata na dawo.